Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Ƙananan Tsuntsayen Magarya da Dungas

Daga Damagaram zuwa Magarya tafiyar kilomita 90 ce, ko sama da haka kaɗan. Hanya ta bi ta Dogo, ta bi ta Bande. Wanda ya bi ta a watan Oktoba zai tarar kaka ta kama. An yanke hatsi a gonaki da yawa, ana ɗaurin dammuna, amalanke na kai da komowa. Dawa da maiwa kuwa suna tsaye tukuna, ana jira su ƙosa. Cikin waɗannan gonaki ne ake jin ihun yara tun da asuba. Kowane yaro da majajjawarsa da gwangwaninsa. Da ƙananan tsuntsaye sun taso, sai a ji: "Jan baki! Ga jan baki nan!"

Sau da yawa ba shi ba ne.

A ƙasar Nijar an ƙidaya tsuntsaye iri fiye da 500. Cikinsu akwai ƙanana masu ruwan ƙasa ko ruwan toka da yawan gaske. Daga nesa duk ɗaya suke. Kaka kuwa ita ce lokacin da suka fi rikita mutum. A lokacin ne mazan da suka yi ado da damana suke fara zubar da gashin ado, su koma kamar matansu. A lokacin ne kuma baƙi suke isowa daga hayin hamada, su ma ƙanana, su ma masu ruwan ƙasa. Manomin da ya haɗa su duka ya ba su suna ɗaya, shi ne ke ɗaukar gatari ya sare gawon gonarsa, wai yana jawo masa tsuntsu. Shi ne kuma ke neman a zo a yi feshi inda babu bukata. Icce ya tafi, magani ya tafi, ɓarnar hatsi kuma tana nan yadda take.

A Bande: jan baki na gaskiya

Bande tana bakin Korama. Korama kwari ne mai tsawo, ruwa kusa yake, ga tabkuna nan da can. Ana noman rake da rogo da kayan lambu. Inda ruwa ya daɗe kwance, kacala ta fito ta yi duhu. Mai son ganin jan baki, irin wannan wuri ya kamata ya tsaya da maraice, domin jan baki ba ya nisa da ruwa. Ba kowace shekara yake zuwa da yawa ba. Babbar matattararsa a wannan yanki tana gabas, wajen tabkin Cadi, da kuma kudu maso gabas, a fadamun Haɗeja da Nguru cikin Najeriya, inda kacala ta cinye ruwa. Tsuntsu bai san iyaka ba, ba ya tsayawa a duwan.

Jan baki ɗan ƙarami ne. Tsawonsa santimita 12, bai kai tsawon bik na rubutu ba. Nauyinsa kusan giram 20, wato ƙwayar sukari huɗu. Bakinsa gajere ne, mai kauri a gindi, ja wur. Bayansa ruwan ƙasa ne mai zane-zane baƙi, cikinsa fari-fari, akwai ɗan layi mai haske bisa idonsa kamar gira. Haka mace da namiji suke da rani. Da damana namiji yakan yi baƙar fuska, sai ka ce ya ja amawali, kansa da ƙirjinsa su yi ja-ja ko ruwan ɗorawa. Akwai maza masu farar fuska, amma ba su da yawa. Abin mamaki yana ga macen: lokacin da take ƙwai, bakinta yakan bar ja ya koma ruwan ɗorawa. Ga jan baki ke nan ba jan baki.

Saboda haka launi kaɗai bai isa shaida ba. Babbar shaidarsa ita ce yawa. Jan baki ba ya tafiya biyu-biyu ko goma-goma. In ya taso, kamar hayaƙi ne, ya miƙe, ya lanƙwashe, ya dunƙule, duk a tare. Ƙarar fukafukansa kamar iskar hadari. In ya sauka kiwo a ƙasa, na baya sukan tsallake na gaba su sauka, na baya kuma su sake tsallakewa, garken yana ta mirginawa kamar ana naɗe tabarma. Wanda ya gani sau ɗaya ba ya sake tambaya.

Masana sun ƙiyasta cewa bayan lokacin ƙyanƙyasa, jan baki yakan kai miliyan 1,500 a Afirka. Babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya. Abincinsa na asali ƙwayar ciyawar daji ne. Amma in ya faɗa gona lokacin da ƙwaya ke da ruwa, tsuntsu ɗaya yana iya lalata wajen giram 10 a yini, wanda ya ci da wanda ya zubar. A lissafa: tsuntsu 1,000, kilo 10 ke nan, tiya huɗu. Tsuntsu 100,000, buhu goma a yini ɗaya. Wanda ya ji tsoronsa yana da gaskiya.

Sai dai a lura da inda yake kwana da inda yake sheƙa. Kwana a cikin kacala, ko rake, ko kurmin ƙaya mai duhu. Sheƙa a kurmin ƙaya, dubbai a wuri ɗaya. Mace takan yi ƙwai uku, su ƙyanƙyashe cikin kwana goma, ƴaƴan su bar sheƙa bayan mako biyu. Daga makwancinsa yakan yi tafiyar kilomita da yawa zuwa kiwo, ya komo da yamma. Tsuntsun da ya taso daga wata gunduma ya zo cin dawa, rashin gawo ɗaya a tsakiyar gona ba zai mai da shi ba. In bai sami reshe ba, a kan karan dawar zai sauka.

A Magarya: maƙwabtan turmi

Daga Bande zuwa Magarya ba nisa. Sunan garin sunan icce ne, kowa ya san magarya da ƴaƴanta. Ƙasa ce mai jama'a: a ƙidayar 2012 an sami mutum fiye da 570,000 a gundumar Magarya, fiye da 350,000 a gundumar Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011. Gona na manne da gona, babu sauran daji sai kaɗan. Tsuntsun da ke nan, dole ya zauna da mutane.

Ba sai an fita gari ba. A zauna kusa da inda mata ke sussuka ko surfe, a yi shiru. Ta farko da za ta sauko ita ce gwara. Kanta ruwan toka ne sumul, ba zane, bayanta ja-ja kamar makuba, bakinta baƙi. Mace da namiji kamarsu ɗaya. Tana sheƙa a ramin katanga ko ƙarƙashin rufin ɗaki. Ta fi jan baki girma. Takan ɗan taɓa zangarniya a gonar bayan gida, amma biyu ne, ko biyar, ko goma. Yaro ɗaya ya ishe su.

Sai baiwar Allah. Wannan ita ce aka fi zalunta da sunan jan baki, don ita ma bakinta ja ne. Amma a dube ta da kyau. Ba ta kai jan baki girma ba. Namijin ja ne kusan duk jikinsa, da ɗan zobe ruwan ɗorawa kewaye da ido, da ƴan ɗigo farare a gefen ƙirji. Macen ruwan ƙasa ce ba zane, sai ja a gindin wutsiya da ɗan ja gaban ido. A ƙasa take kiwo, tana tsintar tsaki da ƙananan ƙwayoyin ciyawa. Takan shiga har cikin ɗaki, ta yi sheƙa a jikin bunu ko dangar kara. Kusa da ita akan ga asisi, mai shuɗin ƙirji da doguwar wutsiya. Namijin asisi yana da jan tabo a kunci, macen ba ta da shi. Su biyun nan, abin da turmi ya zubar suke ci.

Inda baiwar Allah take, akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi, mai farin baki da jajayen ƙafafu, yana zaune a kan reshe ko waya yana ta kuka. Labarinsa abin ji ne. Ba ya yin sheƙa. Matarsa takan saci jiki ta saka ƙwanta a sheƙar baiwar Allah, baiwar Allah ta kwanta a kai, ta ciyar da ɗan tare da nata. Cikin bakin ɗan akwai alamu iri ɗaya da na ƴaƴan mai gida, don haka ba a gane shi. In ya girma kuma, kukan mai riƙonsa yake kwaikwaya. Da rani wannan baƙin namiji yakan koma ruwan ƙasa mai zane, da layuka a ka. Ga wani mai kama da jan baki ke nan, sai dai bakinsa fari-fari ne.

Haka zalaidu, mai doguwar wutsiya. Akwai iri biyu. Wanda yake fari da baƙi, mai siraran gashin wutsiya, bakinsa ja ne. In damana ta wuce, wutsiyar ta zube, ya yi ruwan ƙasa, jan bakin kuwa yana nan. Wannan kam ko mai madubin hangen nesa sai ya duba sau biyu. A dubi kansa: yana da layuka baƙaƙe ƙirin, masu faɗi, daga goshi zuwa ƙeya, waɗanda jan baki ba shi da su. Kuma yakan yi tsalle yana tona ƙasa da ƙafa biyu. Mulufi ma, wanda ke ƙuna kamar garwashi a kan karan dawa a watan Agusta, kafin sanyi ya shiga ya zama ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa da gajeriyar wutsiya. Bakinsa ba ja ba ne. Yana cin hatsi, musamman a gonar da ke kusa da fadama, amma garkensa bai kama ƙafar na jan baki ba.

Marai, wanda wasu ke ce wa kabare, ba ya ɓuya. Duk garin da ke da babban icce a tsakiya ya san surutunsa, ya san sheƙunansa masu reto. Namijin, da damana, baƙin kai gare shi, da jan ido, jiki ruwan ɗorawa. Da rani shi da matarsa duk sukan yi tsanwa-tsanwa. An fi gane shi da girma: ya kai jan baki biyu a nauyi, bakinsa dogo ne mai ƙarfi. A faɗi gaskiya, marai ɓarawo ne. Yana cin dawa, yana cin hatsi, yana tsage ganyen dawa da na dabino don saƙa. Amma ƴaƴansa da ƙwari da tsutsa yake ciyar da su, kuma inda sheƙarsa take kowa ya sani.

Akwai wata da ta fi marai ɓarna ga mai hatsi, ga shi ba a cika ambatonta ba, laifinta ma jan baki ake ɗora wa. Ƴar'uwar gwara ce, Turawa suna ce mata gwarar zinariya. Namijin, kansa da cikinsa ruwan ɗorawa ne shar, bayansa makuba. Macen ruwan yashi ce, fara-fara, ba zane a ƙirji. Bakinsu baƙi ne ko ruwan ƙaho, ba ja ko kaɗan. Ƴar arewa ce. Tana sheƙa da damana a ƙasar makiyaya, a kan aduwa da kandili, sheƙar ƙirare da ƙaya, tari guda, ba saƙa irin ta marai ba. In ciyawa ta bushe sai ta gangaro kudu garke-garke. A ƙasashen Sahel an daɗe da sanin ta cikin manyan masu cin hatsi. Wanda zai kai ƙara wurin malamin gona, ya kamata ya iya cewa ko ita ce, ko jan baki ne, domin makwancinsu da lokacin zuwansu ba ɗaya ba ne.

Hanyar Dungas: baƙin gawo

Daga Magarya a yi gabas. Nan ne tsohuwar ƙasar Tsotsebaki, ta su Dungas da Waca da Mirya. Mai tafiya ba zai ga daji ba, amma duk inda ya duba itatuwa ne cikin gonaki, galibinsu gawo, manya da matasa. A Oktoba gawo ya fara fid da sabon ganye, alhali sauran itatuwa suna shirin zubar da nasu. Halinsa ke nan: da damana ya tuɓe, ya bar wa hatsi rana, da rani ya yi ganye, ya ba bisashe inuwa da ƴaƴa.

Tsofaffi sun san ba haka wurin yake ba a da. A zamanin gyaɗa an koya wa manoma share gona tas. Fari ya zo a 1973, cuta ta kashe gyaɗa a 1975, fari ya komo a 1984. Iska ta riƙa binne shuka. Daga nan ne manoma suka shiga barin tohon da ya fito da kansa, suna gyara shi maimakon sarewa. Shi ne sassaben zamani. Da aka gwada hotunan sama na 1975 da na 2005, sai aka ga itatuwa sun ninka a wurare da yawa. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar, kuma Magarya da Matamai da Mirya suna kan gaba. A watan Yuli na 2020 gwamnati ta fid da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan iccen da ya raina a gonarsa.

To, a tsaya ƙarƙashin gawo ɗaya da hantsi, a ɗaga kai. Da farko ba a ganin kome. Can sai ganye ya motsa. Ɗan tsuntsu ne, shi kaɗai, yana bin reshe yana leƙa ƙarƙashin ganye. Ba ya zama wuri ɗaya. Ba ya kallon gona. Mai gona yakan ce: "Ga su nan, ɗan leƙen asiri ne, sauran na tafe." A'a. A dubi bakinsa.

Bakin tsuntsu shi ne kayan aikinsa, kuma shi ke faɗin sana'arsa. Mai cin ƙwaya, bakinsa kamar awartakin maƙeri yake, gajere mai kauri, don fasawa. Mai cin ƙwari, bakinsa kamar matsefata yake, siriri, don tsamo tsutsa daga cikin ganye. Mai bakin matsefata ba ya iya ɓare hatsi ko an ba shi kyauta. Duk wanda aka gani da irin wannan baki, a fid da shi daga zargi tun kafin a san sunansa. Mai bakin awartaki ne ake ƙara bincike a kansa: su nawa ne, kuma a ƙasa suke ci ko a kan zangarniya?

Cikin masu bakin matsefata akwai ƴan gida. Akwai wani kamar ba shi da wutsiya sam, dunƙulalle, cikinsa ruwan goro-goro. Akwai mai doguwar wutsiya da yake ɗagawa sama, a cikin sabara da ciyawa. Akwai wani a cikin duhuwar danga mai kuka kamar ɗan akuya da ya ɓace wa uwarsa. Akwai sha-kauci, mai lanƙwasasshen baki, mai shan ruwan fure. Waɗannan suna nan rani da damana.

Sauran baƙi ne, kuma daga nesa suka zo. Kowace kaka ƙananan tsuntsaye wajen miliyan 2,000 suke barin ƙasashen Turai su nufo Afirka, gudun sanyi da yunwa. Sai sun ƙetare teku, sannan su ƙetare hamada, wajen kilomita 2,000 ba tabbacin ruwa. Da dare suke tafiya. Da yawa sukan sauka da rana su laɓe a inuwar dutse ko ɗan kurmi, in rana ta faɗi su tashi. Guzurinsu kitsen jikinsu ne. Masu yawa ba sa isowa. Waɗanda suka iso, itatuwan farko masu ganye da suke tararwa su ne irin na Tanut da Damagaram da Magarya da Dungas.

Rarrabe su aiki ne, har ga waɗanda suka yi karatun abin. Akwai Turawa masu biyan kuɗin jirgi su tafi wata ƙasa don kallon tsuntsu kawai, da madubi da littafi mai hotuna, kuma su ma waɗannan ƙananan ne ke ba su wahala. Dabararsu ita ce kada a tsaya ga launi. A duba inda tsuntsu yake a jikin icce, da abin da yake yi da wutsiyarsa. Wanda ke can ƙololuwar gawo, cikinsa fari fat kamar alawayyo, gefen fukafukansa da gindin wutsiyarsa tsanwa-tsanwa, daga wajen Sipaniya da Faransa da Italiya yake. Nauyinsa bai kai ƙwayar sukari biyu ba. Wanda bayansa ruwan toka ne, maƙogwaronsa ja-ja kamar jan bulo, da farin layi gefen baki kamar gashin bakin tsoho, shi ma daga ƙasashen bakin tekun Bahar Rum yake. Wanda ba shi da wata alama ko ɗaya, ruwan yashi kawai, amma yana ta buga wutsiya ƙasa, wani iri ne dabam. Mai jar wutsiya da take karkarwa kamar mai jin ɗari, yakan zauna a ƙananan rassa, ya faɗo ƙasa ya cafki ƙwaro ya koma. Mai farin maƙogwaro da jajayen fukafukai kuwa ya fi son ƙananan kurame da dangar ƙaya.

Wannan na ƙarshe yana da tarihi da ƙasar nan. A 1969 mutanen Ingila suka ga bai komo musu ba kamar yadda ya saba. Cikin goma, kusan bakwai sun ɓace a shekara ɗaya. Suka bincika, ba su sami dalili a ƙasarsu ba. Ashe dalilin yana Sahel: ruwa ne ya yi ƙaranci a 1968, farkon farin da ya zo ya gama da garkunan shanu bayan shekara biyar. Abin da ya sami makiyayi a nan, shi ya sami tsuntsun a can.

Daga 2011 zuwa 2019 wasu masana ƴan ƙasar Holan, su Leo Zwarts, suka bi Sahel daga Senegal har Habasha, da Nijar a ciki, suna tsayawa gindin itatuwa ɗaya-ɗaya suna ƙidayar tsuntsayen da ke kai. Sun tarar baƙin nan ba kowane icce suke sauka ba. Masu ƙaya suke so, gawo da kandili da aduwa da danginsu, don su ke da tsutsa da ƙwari. Bedi, wato dogon yaro, da turare, waɗanda aka kawo daga wasu ƙasashe, kusan babu baƙo a kansu. Bedi na da inuwa, ba a raina masa ba. Amma gawon da manomin Dungas ya raina don taki da abincin bisashe, shi ne kuma masaukin waɗannan baƙi. Kuɗin hayarsu, tsutsar da ke cin ganyen gawon suke cinye masa.

A Waca da Guci: abokin shanu

Daga Dungas a yi arewa zuwa Waca, daga nan a karkata gabas zuwa Guci. An komo ƙasar tabkuna da rake da goriba. Bayan girbi makiyaya sukan sauko da garkunansu cikin kara, su shayar a tabki. A dubi ƙafafun shanu. Ban da balbela, akwai wani ɗan siririn tsuntsu, cikinsa ruwan ɗorawa, wutsiyarsa doguwa, yana kaɗa ta sama da ƙasa. Ba ya tsalle kamar gwara, takawa yake yi, ya ruga, ya cafki ƙudan da saniya ta tayar. Kowane yaron kiwo ya san shi. Shi ma baƙo ne daga Turai, kuma bakinsa matsefata ne.

Wannan tsuntsu yana da hatsari ɗaya: wurin kwanansa. Da faɗuwar rana yakan taru ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, ya kwana cikin kacala ko rake, irin wurin da jan baki ke kwana. Tsattsewa ma haka. Mai lambu ya ga tsuntsaye suna zuba cikin rake da magariba, sai ya aika a ce jan baki ya sauka. A tsaya a duba yadda suke isowa. Abokan shanu sukan zo a warwatse, kaɗan-kaɗan, suna tashi suna faɗawa a iska, kowane yana ɗan kuka siriri. Jan baki kuwa a dunƙule yake zuwa, kamar hayaƙi. Da safe kuma a duba ƙarƙashin makwancin da gonakin kewaye: inda masu cin hatsi suke, za a ga zangarniya a tsattsage, ga ƙaiƙayi a ƙasa.

Yaƙi da tsuntsu ba sabon abu ba ne. Tun 1965 ƙasashen yankin suka kafa ƙungiyar OCLALAV don yaƙi da fara da tsuntsaye, daga baya kowace ƙasa ta riƙe nata aikin. Maganin da aka daɗe ana fesa wa jan baki, mai suna fentiyon, ba ya zaɓe. Yana kashe duk tsuntsun da ya taɓa, har shaho da mujiya da suka ci gawar. Ga shi a bakin ruwa ake fesa shi, inda bisashe ke sha. Don haka labarin da za a kai wa ma'aikatan kare shuke-shuke ya zama cikakke: launin baki, yawan garke, inda suke kwana, ko sun fara sheƙa, da ranar da aka fara ganin su. In sheƙa ce, a gaggauta, don cikin mako shida sun gama sun tashi. In garken bai kai a kira hukuma ba, dabarun gida suna nan: a yi shuka lokaci ɗaya da maƙwabta don kada gona ɗaya ta nuna ita kaɗai, a nome ciyawar da ke jawo su, a yanke da wuri in ya ƙosa, kada a bar dammuna a fili. Hatsi mai gashi a zangarniya ma tsuntsu ba ya son sa.

Tsuntsun da aka tarar matacce, kada a ci, kada a bar yara su ɗauka. Ko na feshi ne, ko na cuta. Mutanen Magarya ba su manta ba, a garinsu ne aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar, a watan Fabrairu na 2006, a jikin agwagin gida. Amma in an ga ɗan zoben ƙarfe a ƙafarsa, a sa leda a hannu a cire. Akwai lamba da sunan gari a jiki. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana iya kwafe su a takarda, ya rubuta rana da sunan ƙauye, ya kai wa ma'aikatan gandun daji. Tun 1899 aka fara sa wa tsuntsaye irin wannan zobe, a ƙasar Danmak, kuma da irin wannan takarda ta mutanen karkara aka gano hanyoyinsu.

Makiyayin da ke son sanin ƙasar da abokin shanunsa ya fito, ya jira watan Maris. A lokacin mazan suke sake gashi, cikinsu ya yi ɗorawa shar, kowane kuma ya ɗaura rawanin ƙasarsu. Mai kai shuɗi-shuɗi da farar gira, na wajen Jamus da Polan ne. Mai kai ruwan toka mai duhu, ba gira, na can ƙarshen arewa ne, wajen Suwidin da Finlan. Mai baƙin kai ƙirin, na wajen Girka da Turkiyya ne. Duk a bayan saniya ɗaya, a bakin tabkin Guci. Kafin su tashi sukan yi makonni suna ci ba ji ba gani, har nauyinsu ya ƙaru da rabi ko fiye. Cikin Afrilu sai a wayi gari a ga sun ragu. Kafin shamuwa ta gama gyara sheƙarta a tsakar gari, ba sauran ko ɗaya.